Kafin Ku Ce A Cire A Dasa Wani

'Ya'yana, akwai wata magana da ta fara yawa a bakin matasa, kuma duk sa'ad da na ji ta sai gabana ya faɗi. Yaro yana dafe da kumatu, haƙori ya hana shi barci, a ce masa ya je a duba, sai ya ce shi dai cirewa zai yi ya huta, in Allah ya hore kuɗi nan gaba a dasa masa wani, ai yanzu ana dasawa. Gaskiya ne, ana dasawa. Ban zo in kushe dashen haƙori ba. Yana cikin manyan alheran da likitancin zamani ya zo da su, kuma na ga waɗanda ya mayar wa dariyarsu bayan sun daɗe suna kare baki da tafin hannu ko gefen mayafi. Sai dai mai ganin haƙori kamar kayan gyara ne da za a sayo a ɗaura, bai fahimci abin da ake yi masa a bakin ba tukuna. Ku matso in faɗa muku abin da na sani.

Mu fara da giɓin kansa, don mutane sun ɗauka in an cire haƙori magana ta ƙare, rami ne kawai ya saura. Babban mutum haƙora 32 gare shi in sun cika, kowanne da saiwarsa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Ƙashin da ke riƙe da saiwar nan aiki ne ke raya shi. Duk taunar da ka yi, nauyinta yana bi ta saiwa ya isa ƙashi, jiki ya san cewa ana bukatar wurin, ya ci gaba da gina shi. Ranar da haƙori ya fita, jiki sai ya fara janye ƙashin a hankali. A shekarar farko kaɗai faɗinsa kan ragu da kusan rabi, kuma mafi yawan raguwar a watanni ukun farko take faruwa. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin su fara kwantowa cikinsa, na sama ko na ƙasa da ke cin karo da shi ya rasa abokin tauna ya riƙa zarowa, abinci ya samu sababbin lungunan maƙalewa. Ku dubi tsoffin da haƙoransu suka zube duka. Yadda bakinsu ya lotsa, haɓa ta matso kusa da hanci, ba tsufa kaɗai ba ne. Ƙashi ne ya tafi.

Na tsaya a kan ƙashi ne don duk labarin dashe a kansa ya rataya. A shekarar 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Branemark yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Shi ba likitan haƙori ba ne ma. Ya sanya wani ɗan bututun ƙarfen taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa leƙa abin da ke faruwa a ciki. Da ya gama ya zo zai cire kayansa, sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen ƙam, sun zama abu ɗaya. Jiki yakan ƙi baƙon abu, ya kewaye shi da tsoka ko ya tura shi waje, amma wannan ƙarfe sai ƙashi ya girma a jikinsa. Branemark bai yi rawar kai ba. Sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko, wani mazaunin birnin Gotenbag da ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, ƙusoshi huɗu a muƙamuƙi, kuma mutumin ya ci abinci da su fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006. Duk da haka manyan likitocin haƙori sun daɗe suna tababa, sai da aka yi wani taro a Toronto ta Kanada a 1982 sannan abin ya samu karɓuwa a duniya. Daga zomo zuwa yardar duniya shekara 30. Ku riƙe wannan a ranku duk lokacin da kuka ga wani a waya yana tallar cewa zai gama muku baki duka kafin la'asar.

Abin da ake kira dashe sassa uku ne. Akwai ƙusa mai zare, irin wadda ake murɗawa, tsawonta kamar santimita ɗaya, kaurinta kamar milimita 4, ita ce ke shiga ƙashi a madadin saiwa. Akwai ɗan wuyan ƙarfe da ake ɗaurawa a kanta, ya leƙo ta dasashi. Sai kuma kan haƙorin, na tangaran, wanda ake daidaita launinsa da na sauran haƙoranka, shi ne kaɗai mutane ke gani. Matasa a kan na ukun hankalinsu yake, fari ne ko ba fari ba ne. Likitan kirki kuwa a kan na farkon tunaninsa yake.

Kafin a taɓa ka sai an ɗauki hoton ƙashi, kuma in da hali irin hoton nan mai nuna tsawo da kauri da zurfi. Dalili kuwa, a cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke ratsawa, ita ce ke sa ka ji leɓenka na ƙasa da haɓarka. In ƙusa ta taɓa ta, mutum na iya daɗewa, wani ma har ƙarshen rayuwa, leɓe a mace, ruwa na zuba bai sani ba. A sama kuma, daidai kan turame, akwai kogon iska a gefen hanci, wanda wani lokaci ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba shi da baki. Mai huda ba tare da ya auna ba yana iya faɗawa ciki. Don haka duk wanda ya duba bakinka da ido kawai ya ce zauna mu fara, ka yi masa godiya ka nemi takalmanka.

Aikin kansa ba shi da zafin da ake tsoro. Allurar kashe wuri ake yi, kana farke, mutane da yawa ma kan ce cire haƙori ya fi shi wahala. A tsaga dasashi, a huda ƙashi sannu-sannu ana kwarara ruwa mai sanyi, saboda ƙashi ba ya jure zafi: in ya haura digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙwayoyinsa sun fara mutuwa, mataccen ƙashi kuwa ba ya kama ƙarfe. A murɗa ƙusa, a ɗinke. Daga nan aikin likita ya tsaya, na jikinka ya fara. A ƙasa, inda ƙashi ya fi tauri, akan jira kamar wata uku. A sama, inda ya fi taushi, jiran kan kai wata shida. Akwai lokutan da likita kan ɗora haƙorin wucin gadi a ranar, musamman a gaba don kada mutum ya yi yawo da wawulo, amma wannan sai ƙashi ya yi kyau, kuma da sharaɗin ba za a ci tsire da shi ba har sai ya kama. Wanda ya bar giɓinsa shekara da shekaru, sau da yawa sai an fara yi masa ƙarin ƙashi, a jira wasu watanni, sannan a zo maganar ƙusa. Ƙarin nan wani daga jikin mutum ake ɗiba, wani na saniya ne da aka sarrafa, wani haɗin masana'anta ne, akwai kuma wanda ake yi daga alade. Ba laifi ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne, ka tambayi likita wanne zai saka maka. Jikinka ne, kuma akwai zaɓi.

Yanzu ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Haƙorin da Allah ya halitta maka ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa, kaurinsu bai kai rabin milimita ba, su ne ke rage wa haƙori nauyin tauna, su ne kuma ke kai wa ƙwaƙwalwa labari. Shi ya sa in haƙorinka ya ci karo da tsakuwa a cikin shinkafa, baki ke tsayawa tun kafin ka yi tunani. Haƙorin dashe ba shi da waɗannan zaruruwa. Ƙarfe ne da ƙashi, fuska da fuska. Ba ya jin tsakuwa yadda na asali ke ji, kuma, abin da ya fi damuna, ba ya saurin yin ciwo in abu ya fara lalacewa.

Mutum sai ya ce ai tangaran ba ya kogo, me zai sa in wahalar da kaina da goge-goge. Tangaran ba ya kogo, haka ne. Amma dattin da ke taruwa a gindin haƙori bai san bambancin na asali da na dashe ba. Ya kumbura dasashi, ya gangara, ya shiga cin ƙashin da ke riƙe da ƙusar. Ku da kuka taɓa kiwo kun san turke: komai ƙwarin icen, ƙasar da ke kewaye da shi ce ke riƙe shi, in ruwa ya zaizaye ta ko akuya sai ta tumɓuke shi. Cutar nan a ɓoye take tafiya. Alamunta ɗan jini in ana goge baki, wari, wani lokaci ɗan ruwan mugunya in an matsa. Ranar da haƙorin dashe ya fara girgiɗa daga gindi, galibi an makara, sai dai a cire, kuma ramin da zai bari ya fi na farko girma.

To a nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Me ya cinye haƙorinka na farko? In cutar dasashi ce, tana nan a bakinka, kuma za ta tarar da sabon baƙo. In rashin wanke baki ne, halin bai tafi tare da haƙorin da aka cire ba. Likitoci kan ce fiye da tara cikin goma na dashe suna kaiwa shekara goma suna aiki, kuma haka ne. Amma wanda aka dasa wa yana ɗan shekara 25, ba shekara goma yake nema ba, hamsin yake fata in Allah ya ba shi tsawon rai. A cikin wannan tsawon lokaci tangaran na iya ɓarewa, ɗan notin ciki na iya kwancewa, kan haƙorin na iya bukatar sabo. Wanda ya yarda aka dasa masa ya ɗauki alkawarin wanke baki safe da dare, da bin tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan siririn buroshi, da komawa wajen likita a kai a kai, muddin ransa. In ka san ba za ka iya cika wannan alkawari ba, kuɗinka ya fi amfani a wani wurin.

Akwai kuma waɗanda sai sun gyara wani abu kafin a yi maganar dashe da su. Mai shan taba na kan gaba, kuma kada wani ya ce mini shi shisha kawai yake sha. Hayaƙi yana matse ƙananan hanyoyin jini a dasashi, rauni ya ƙi warkewa, ƙashi ya ƙi kamawa, kuma faɗuwar dashe ta fi yawa a bakin mashaya ƙwarai. Mai ciwon sukari ana iya yi masa, amma sai sukarin ya daidaita, ba na rana ɗaya da ya sha magani don zai je asibiti ba. Yaron da bai gama girma ba ba a dasa masa, domin ƙusa inda aka kafa ta nan take tsayawa, muƙamuƙi kuwa yana ci gaba da girma, sai a wayi gari haƙorin dashe ya nutse ƙasa da 'yan uwansa. Akan jira sai an kai shekara 18, samari ma wani lokaci fiye da haka. Mai sikila, mai hawan jini, mai shan maganin tsinka jini, wadda ake bai wa maganin ƙarfafa ƙashi, wanda aka taɓa yi wa maganin cutar daji da haske a kai ko wuya, mai juna biyu, da mai cizon haƙora cikin barci, kowannensu ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi. Mu Hausawa muna da ɓoye ciwo, a tambaye mu mu ce lafiya lau. A gaisuwa wannan ladabi ne, amma a ɗakin likita cutar kai ce.

Wasu kan tambaya ko dashe bai shiga sauya halitta ba. Ni ba malami ba ne, amma abin da na ji daga malamai shi ne labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo shi, kuma a kansa malamai suka dogara wajen halatta gyaran abin da ya lalace a jiki, har da ɗaure haƙori da zinariya. Abin da aka yi hani a kansa shi ne a kankare lafiyayyun haƙora don ado, kamar masu ƙirƙirar wushirya. Hikimar nan kuwa ko likita zai sa mata hannu. Ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa, abin da aka goge ya tafi ke nan. Ina kallon hotunan masu zuwa Turkiyya a fiƙe musu haƙora lafiyayyu kamar ƙusoshi, a rufe su da fararen tangaran reras, su dawo suna washe baki a Instagram. Ba wanda ke ɗora hoton shekara goma masu zuwa. Ko haƙorin Makka da iyayenmu ke dawowa da shi daga aikin hajji, ba dashe ba ne, hula ce ake kifa wa haƙori, kuma in ba ta zauna daidai ba abinci na shiga ƙarƙashinta yana ɓarna a ɓoye. Ban ce a cire wa Hajiya nata ba, kada ku je ku haɗa ni faɗa. Na ce dai a riƙa dubawa.

Maganar kuɗi kuma. Dashe yana da tsada a ko'ina cikin duniya. A nan gida haƙori ɗaya kan ci ɗaruruwan dubban naira, a wasu wuraren har ya haura miliyan, tunda kayan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. In an faɗa maka kuɗi, ka tambaya ko ya haɗa da hoto, da ƙarin ƙashi, da wuyan ƙarfe, da kan haƙorin, da komawa dubawa. Da yawa kuɗin ƙusa kaɗai ake faɗa, sai an huda ka sannan sauran lissafi ya biyo baya. In kuma ka ga farashi ya faɗi warwas, ka tuna araha ba ta ado.

Masu hali kan tafi Masar ko Indiya ko Dubai ko Turkiyya, kuma akwai ƙwararru a can, ban musa ba. Amma aikin da ke bukatar watanni ba ya dacewa da bizar sati biyu. Ko dai ka koma sau biyu ko uku, ko a gaggauta abin da bai kamata a gaggauta ba. Sannan ka tambayi kanka, in noti ya kwance bayan shekara uku kana Gusau ko Maraɗi, wa zai ɗaure? Kamfanonin da ke ƙera ƙusoshin nan suna da yawa, akwai Straumann na Suwizalan, akwai Nobel Biocare, akwai Osstem na Koriya ta Kudu, da wasu barkatai, kuma kowanne da irin makullinsa da irin zarensa. Likitan garinku na iya buɗe bakinka ya rasa da me zai kwance. Don haka duk inda aka yi maka, gida ko waje, kada ka bar wurin sai an ba ka takarda mai sunan kamfanin, da tsawo da kaurin ƙusar, da haƙorin da aka dasa, da ranar da aka yi. Ka adana ta inda kake adana takardun gida.

Ka kuma san a hannun wa ka miƙa bakinka. A Najeriya Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa ce ke yi wa likitan haƙori rajista ta ba shi lasisi. Mai ƙera haƙoran roba sana'arsa daban, mai daraja ce, amma huda ƙashi ba aikinsa ba ne, balle mai shago a bakin kasuwa da ya rataya hoton baki a ƙofa. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Maiduguri, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna da sashen haƙori. Ko a wani wuri ka yi niyyar yin dashen, ba asara ba ne ka fara jin ta bakin likitan da ba shi da abin da zai sayar maka. Ka tambayi mai yi maka aikin sau nawa ya yi irinsa, da abin da zai yi in bai kama ba. Likitan da tambaya ke ɓata wa rai, ka bar masa kujerarsa.

Wanda ba shi da halin dashe kuma kada ya ɗauka ya rasa komai. Akwai haƙoran roba na sawa da cirewa, masu sauƙin kuɗi, kuma babu abin kunya a cikinsu. A cire su da dare, a wanke, a jiƙa a ruwa. Akwai irin wanda ake yi wa giɓi gada, a rataya sabon haƙori a jikin maƙwabtansa biyu, yana zama daram kuma ana gamawa cikin makonni, sai dai akan kankare maƙwabtan, wanda hasara ce in lafiyarsu lau. Sannan ba kowane giɓi ne sai an cike ba. Turamen can ƙurya da ke fitowa bayan an balaga, in an cire su ba a mayar da su. Mutum mai haƙora 20 masu cin karo da juna yana iya cin abincinsa daidai gwargwado. A Japan tun 1989 suka kafa kamfen cewa kowa ya yi ƙoƙari ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa. Burin nan ya burge ni, don bai ce a saya ba, cewa ya yi a riƙe.

Riƙewar kuwa tana da hanyoyi, kuma duk sun fi dashe sauƙi. Kogo in ƙarami ne ciko ake yi masa, a zama ɗaya an gama. In ya kai ga jijiya har yana hana barci, sau da yawa ana iya cire jijiyar, a wanke cikin saiwa, a cike, a sa masa hula, haƙorinka ya ci gaba da zama a wurinsa da zaruruwansa da ƙashinsa. Don haka in ka je asibiti kada ka shiga da cewa a cire. Ka ce, likita, ana iya ceto shi? Abin da ke kai mutane ga cirewa jinkiri ne. Kanumfari yana kwantar da zafi, amma ba ya toshe kogo. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona shi take yi. Ruwan batir da fetur da na ji wasu na ɗigawa, wannan kam Allah ya kiyaye. Masu turara hayaƙi su ce sun fitar da tsutsa, babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya saura a baki, suna fitar da tsami mai narkar da haƙori. Kuma abin da ya fi ɓarna shi ne yawan maimaitawa: shayi mai sukari da safe, lemon kwalba da hantsi, alawa da azahar, wani shayin a majalisa da dare, baki bai samu hutun da yawu zai gyara ɓarnar ba. Asuwaki sunna ne kuma yana aiki, ku riƙe shi. Ku haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid sau biyu a rana, na daren ya fi muhimmanci, ku tofar ba tare da kun kurkure man duka ba. Kwalba kuma akwai abin buɗe ta, ba da haƙori ake buɗewa ba.

Ku da kuka fara tara iyali, ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 wani turmi kan fito wa yaro can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara a wurin ba, sai a ɗauka na nono ne, in ya yi kogo a ce bar shi zai faɗi wani ya fito. Ba wani da zai fito. Na dindindin ne, kuma yana cikin waɗanda aka fi rasawa tun ana ƙuruciya. Ku riƙa leƙa bakin 'ya'yanku.

Samari masu hawa babur, da 'yan ƙwallo, da masu dambe, ku kuma ga naku. In haƙorin babba ya fita gaba ɗaya da saiwarsa saboda faɗuwa ko naushi, ba a jefar da shi. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, in an iya a mayar da shi raminsa a cije tsumma mai tsabta. In ba a iya ba a tsoma shi a madara, a garzaya wajen likitan haƙori, cikin sa'a ɗaya in da hali. Zaruruwan nan da na ambata suna nan da rai a jikin saiwar na ɗan lokaci, kuma sau da yawa haƙorin yakan sake kamawa. Na nonon yara ne kaɗai ba a mayarwa, don kada a raunata wanda ke tahowa a ƙarƙashinsa.

Saura maganar mu tsofaffi, tunda na san a cikinku akwai masu son su kyautata wa iyayensu in Allah ya buɗa. Tsufa shi kaɗai ba ya hana dashe, ana yi wa 'yan shekara 70 da 80 in jiki da ƙashi sun yarda. Kuma ba sai an dasa ƙusa a gurbin kowane haƙori ba. Tsohon da ya rasa na ƙasa duka, babbar wahalarsa ita ce haƙoran roba na ƙasa ba sa zama, harshe na ture su, yana magana suna rawa, har ya daina cin nama, ya daina cin abinci a cikin mutane, ya koma kunu da fura yana ramewa ana cewa tsufa ne. Ƙusa biyu kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, a yi wa haƙoran robar maɓallan da za su kama su, sun isa su sauya masa rayuwa. Wani taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada a 2002 ya ce wannan ne ya kamata ya zama zaɓin farko ga mai irin wannan hali.

Amma ku fara tambayar Baba ko Inna ko suna so, don wani tsohon ya fi son a gyara masa robar da ya saba da ita a kan a huda shi, kuma ra'ayinsa abin girmamawa ne. In sun yarda, a auna sukari da jini tukuna, a kai wa likita duk magungunan da suke sha a cikin ledarsu. Sannan tun kafin a biya kuɗi ku zauna ku 'yan uwa ku tsayar da wanda zai riƙa kai su dubawa duk wata shida, da wanda zai riƙa taya su wanke gindin ƙusoshin nan da dare in ido ya yi rauni ko hannu ya fara rawa.